Kiɗa na Tara

Tamanrasset, 4 ga Shawwal

Zuwa ga Kawu Zakariya'u, unguwar Birni, Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da barka da Sallah, ina fatan kana lafiya, kai da Suwaiba matar ɗanka da yaranta. Yaya kunnuwan? An ce mini yanzu ko ganga aka kaɗa a bayanka ba ka waiwaye, shi ya sa ban wahalar da kaina da salula ba, na ɗauki biro. Mu nan lafiya lau, sai ƙafata ta hagu da ke yi mini gardama in na daɗe tsaye a shago.

Kawu, an sa ranar auren ɗiyata Jannatu, Asabar ta biyu bayan Babbar Sallah. Ba gayyata ce ta sa na rubuto ba, na san ƙashinka ba zai ɗauki hanyar Arlit ba. Maganar piyanon marigayi mijina Sufyanu ce.

Ka tuna da shi, baƙin nan mai tsawo da ya saya hannun wani Bature mai yawon dutsen Assekrem tun ba a yaye Jannatu ba, kuma ko a lokacin tsoho ne. Da shi ya ciyar da mu shekara ashirin a gidajen biki. Yau wata goma sha huɗu da rasuwarsa. A cikin abin nan akwai kiɗa tara da ya adana da hannunsa. In an danna jan maɓalli sai su yi ta biyo juna, ba mai taɓa haƙoran nan farare da baƙaƙe. Jan maɓallin nan kaɗai na sani. Kafin ya kwanta ciwo ya ce mini, “Na taran na Jannatu ne. Kar ki ji shi sai ranarta ta matso.” Na riƙe masa wannan magana.

Da aka sa rana na kunna. Na ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, har na shida. Ana tsakiyar na bakwai sai ɗif, ƴar fitilar ta mutu. An jima ya farfaɗo da kansa, amma ya koma na ɗaya. Sau shida ke nan ina yi. Na haddace na farkon nan har ina jin su a cikin tafasar tukunya, na tara kuwa ko ƙyallinsa ban ji ba.

Allah shaida ban wulaƙanta shi ba. Har riga na ɗinka masa saboda rairayi, kuma ba mai taɓa shi sai ni. Kai ka shekara arba'in kana tada matattun rediyo, ka gaya mini abin da ke damun wannan. Sharifu direba ne zai kawo maka takardar, da ƙullin dabino.

Ɗiyarka, Zuhura.

Damagaram, 16 ga Shawwal

Zuwa ga ɗiyata Zuhura.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, dabino ma ya iso, sai dai jikoki sun riga haƙorana. Muna lafiya. Kunnuwa suna nan a maƙale kamar kullum, aiki ne kawai suka ajiye. Ƙafarki kuma ki rage tsayuwa, uwarki ma da haka ta fara. Allah ya sanya alheri a auren Jannatu, ya jiƙan Sufyanu.

Sai batun piyano. Zan gaya miki gaskiya, ni rediyo na sani da talabijin, ban taɓa buɗe irin wannan ba. Amma duk abin da ke cin kuran, wato wutar lantarki, hanyar cinsa ɗaya ce, kuma wanda fitilarsa ke mutuwa gaba ɗaya, ciwonsa a wurin shigar wuta yake, ba a wurin kiɗa ba.

Ba fizibil ba ne. Fizibil ɗan zaren ƙarfe ne, in ya ƙone ya ƙone, ba ya farfaɗowa an jima. Duk wanda ya ce miki shi ne, ki ɗauke kayanki daga gabansa.

Ina zargin abu biyu. Na farko wutar gidanki. Ki kai shi gidan maƙwabta ki kunna ki gani. Na biyu tsufa. A kusa da inda igiyar wuta ke shiga akwai wasu abubuwa kamar ƴan gwangwanaye, kondansater muke ce musu, su ke riƙe wuta ta daidaita. In sun tsufa sukan bushe. Na sa miki biyu a cikin ambulan, ki nemi mai gyara mai hankali ya gwada. Kuma tunda an buɗe ciki, duk wani tsohon abu da ya gani, ko pil ne, wato batir, ko mene ne, ya canza shi a huta.

Ki ba ni amsar waɗannan, kuma ban da dogon labari irin naku na mutanen shago. Yana wari in ya mutu? Minti nawa yake yi kafin ya farfaɗo? Da safe da rana duk ɗaya ne? Sannan wannan ita ce babba: me ya canza tun bayan rasuwar mai shi? Abu ba ya shekara ashirin lafiya ya tashi rana ɗaya ya koyi suma.

Kawunki, Zakariya'u.

Tamanrasset, 29 ga Shawwal

Kawu, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Suwaiba. Ƙafa da sauƙi, kai ne dai ya ɗau zafi, don wannan piyano ya kusa sa ni magana ni kaɗai a titi.

Na bi maganarka ɗaya bayan ɗaya. Na kai shi gidan Hajjo maƙwabciyata, ƴar Maraɗi ce mai sayar da turare. A ɗakinta ma na bakwai ya kashe shi. Ke nan ba wutar gidana ba ce.

Sai na ɗauki taksi na kai wa Harisu, mai gyaran salula da rediyo a bakin kasuwa, mutum ne mai natsuwa. Na kafa masa sharaɗi kada ya danna komai, don ba za a kaɗa kiɗan mijina a tsakiyar kasuwa ana cinikin tumatir ba. Ya jona wuta kawai ya bar shi a kan teburinsa tun hantsi har la'asar. Kawu, fitilar nan ko ƙiftawa ba ta yi ba. Harisu ya dube ni ya ce, “Hajiya, wanga abu lafiyarshi lau.” Na ce to ni ce marar lafiyar ke nan. Duk da haka ya sa gwangwanayenka, ya ce tsofaffin sun ɗan kumbura.

Na dawo gida da murna. Washegari da sassafe na kunna, ya wuce na bakwai, ya shiga na takwas, har na kira Jannatu daga wanka. Kafin ta ɗaura zane ya mutu. Da azahar na sake, ko na shida bai gama ba. To gyaran ya ƙara ne ko ya rage? Ni na kasa ganewa.

Ga amsoshinka. Ba ya wari, sai ƙamshin turaren Hajjo. Yana yin kamar minti ashirin kafin ya farfaɗo. Da safe ya fi daɗewa. Abin da ya canza kuwa, babu. Ɗakin nan ne, igiyar nan ce, kusurwar nan ce. In ma akwai canji, kulawa ce ta ƙaru.

Hajjo ta ce wai mai shi ne bai yarda a ji ba tukuna. Na ce mata Sufyanu da ransa ma bai iya ɓoye goro a aljihu ba. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, maganar ta zauna mini a rai. Me ya sa yake lafiya a hannun kowa ban da nawa?

Abu ɗaya ya rage. Harisu ya ga wani ɗan pil a ciki, faffaɗa kamar kwabo, an like shi da dalma. Ba shi da irinsa, ya aika a kawo daga arewa. Da ya zo za a cire tsohon kamar yadda ka ce.

Ɗiyarka, Zuhura.

Damagaram, 12 ga Zulƙida

Zuhura, sallama da gaisuwa, muna lafiya, sauran gaisuwar sai wani jiƙon.

Kada a taɓa pil ɗin nan. Ki sake karantawa. Kada Harisu ya kusance shi.

Da na ga kin ce kamar kwabo, like da dalma, sai na tambayi kaina, don me abin da ke cin kuran zai yi da pil? Na ɗauki sandata na tafi wurin wani tsohon makaɗi da na taɓa yi wa gyaran lasifika. Na yi masa tambayar, ya rubuta mini amsa a takarda. Ya ce wannan pil shi ke riƙe duk abin da aka adana in an kashe wuta. Ana cire shi, kiɗan nan tara sun tafi, kuma babu mai dawo da su.

Ni na ce a canza. Na faɗa da gadara irin ta wanda ya saba a tambaye shi, a kan abin da ban sani ba. Tun jiya abinci bai shiga cikina ba.

Na sa Suwaiba ta kira ki. Lambar da ke littafina ta Sufyanu ce, an ce a rufe take. Ke kuma ba ki taɓa rubuto taki ba, tunda kin san kurma kike wa wasiƙa. Na aika tasha an tambayi mutum uku, kowa ya san shagonki, babu mai lambarki. Ki rubuto ta.

Batun suman kuwa har yanzu ban gane ba. Sanyin safiya na taimakonsa, ke nan zafi ne. Amma rumfar Harisu ta kwano ai ta fi ɗakinki zafi. A nan lissafina ya tsaya. Sharifu zai tashi gobe, na roƙe shi kada ya kwana a hanya in ba dole ba.

Kawunki.

Tamanrasset, 21 ga Zulƙida

Kawu, assalamu alaikum. Lafiya kuwa? Yau kwana ashirin da biyu da na rubuto ban ga amsarka ba, Sharifu ma ba a gan shi a gari ba. In ciwo ne a gaya mini. In kuma dogon labarina ne ya gundure ka, to ka yi haƙuri, ga wani. Wannan zan ba wa wani mai motar dabino da ke sauka Damagaram.

Mu muna nan cikin hidima, gida ya cika da buhuna da masu ba da shawara. Zafi ya shigo sosai, piyano kuma ya ƙara lalacewa, yanzu a na biyar yake faɗuwa. Kullum ina matsowa kusa da biki, shi yana ja da baya. Jannatu ta ce in bar shi, a sa kiɗan salula kamar kowa. Ta faɗa tana kallon bango, na san ba har zuci ba ne.

Pil ya iso. Sai dai Harisu ya tafi In Ekker aikin sa wa wasu faranti masu ɗaukar hasken rana, ba zai dawo ba sai bayan Sallah. Ya yi alkawarin zai zo har gida ranar Alhamis, biki saura kwana biyu, ya cire tsohon ya sa sabo. Duk begena yanzu a kan wannan kwabon yake.

Kafin nan na ƙara gyara wa piyano rigarsa. Ta karan-miski ce kore, na yi mata shafi da bargo, ta rufe shi ruf gaba da baya da ƙasa, haƙora da maɓallai kawai na bari a waje, don ko yana kiɗa rairayi bai samu ƙofa ba. Harisu har tsaki ya yi ranar da na kai masa, wai kwance igiyoyinta ya fi gyaran wuya. Na kuma yanka masa katifar soso daidai tsawonsa. Ka san halin marigayi, Allah ya jiƙansa, abin da ke ciyar da shi guda, amma a kan jan bulo biyu yake ɗora shi tsirara kamar tukunyar dambu. Shekara ashirin ina yi masa faɗa yana dariya. Ana gama zaman makoki na fitar da bulon nan daga ɗakina. Ranar biki dai ba za a ce matar Sufyanu ta bar kayansa a wulaƙance ba.

Ka rubuto ko layi biyu ne.

Ɗiyarka, Zuhura.

Damagaram, 4 ga Zulhajji

Ɗiyata Zuhura, wa alaikumus salam. Lafiyata lau, ba ciwo ba ne. Na rubuto miki tun sha biyu ga wata, yanzu nake jin motar Sharifu ta lalace a Arlit, takardar na aljihunsa. Mai motar dabino ya ce zai karɓa ya haɗa miki da wannan. Abin da ke cikinta a taƙaice: kada a cire pil, shi ke riƙe da kiɗan. Ina lissafin kwanaki a yatsa, ban san ko za ta riga Alhamis ba.

Yanzu ki zauna ki ji. Na tambaye ki me ya canza, kika ce babu. Riga da shafin bargo da katifar soso, duk wannan babu ne?

Amma kafin in yi miki faɗa sai in fara da kaina. Kin rubuta mini batun rigar tun a takardar farko. Na koma na duba, ga ta nan ɓaro-ɓaro. Na ɗauka mayafi ne da ake yafa masa in an gama, ban kawo a raina da ita yake aiki ba.

A wurin shigar wuta akwai wasu ƴan ƙarafa masu ƙafa uku da ke rage ƙarfin kuran. Aikinsu zafi ne da shi, shi ya sa ake huda ramuka a ƙasan akwatin da bayansa don iska ta ratsa. In zafin ya yi musu yawa sukan yanke wuta da kansu don kada su ƙone, in sun huce su dawo. Minti ashirin ɗinki ke nan. Harisu ya tuɓe masa riga ya ɗora a tebur, shi ya sa ya wuni lafiya. Ke kika mayar masa da ita kika kwantar da shi a soso, a zafin Tamanrasset. Ko ni aka yi wa haka ba zan kai na bakwai ba.

Bulon nan biyu ba sakaci ba ne. Mijinki ya san kayansa, ɗaga shi yake yi iska ta bi ta ƙasa. Me ya hana shi gaya miki, wannan tsakaninku ne, wataƙila faɗan naki yake jin daɗi.

In takardar nan ta same ki kiɗan na nan, ki tuɓe rigar, ki ɗaga shi, ki sa Jannatu ta ɗauki komai a salularta kafin a sake taɓa ko dunƙulen ƙura a cikinsa. In kuma ta makara, laifin nawa ne, ki gaya wa yarinyar haka, kada ki ɗora wa kanki.

Kawunki, Zakariya'u.

Tamanrasset, Juma'a, 17 ga Zulhajji

Kawu, assalamu alaikum, barka da Sallah. Muna lafiya. Takardunka biyu sun shigo hannuna yau da hantsi, a tare. Harisu kuwa jiya ya zo. Ka ci gaba da karantawa, kada ka ajiye.

Ya zo bayan azahar da jakarsa. Ya kwance rigar yana gunaguni, ya ture katifar, ya ɗora piyanon kai ɗaya a kan jakar, ɗaya a kan akwatin shayi, ya buɗe bayansa. Ya jona ƙarfensa na narka dalma, ya ce sai ya yi zafi. Ni ban san komai ba a lokacin, zama shiru ne kawai ba na iyawa. Na ce bari in danna kafin ƙarfen ya yi, ko na biyar ɗin ne mu ji.

Na biyar ya wuce. Na bakwai ya wuce, ina jira ya faɗi bai faɗi ba. Na takwas ya ƙare, wanda ban taɓa jin ƙarshensa ba. Jannatu ta shigo da lalle a hannu ta tsaya a bakin ƙofa. Sai na tara ya fara.

Ba irin na biki ba ne, Kawu. A hankali yake tafiya. Ɗan kiɗan nan ne da ubanta yake yi mata da baki in ya saɓa ta a kafaɗa tana kukan haƙori, ya yi masa ado ya faɗaɗa shi. Ni na manta da shi sam, ita ba ta manta ba.

Ana cikin tafiya, daidai inda kiɗan ya ɗaga kamar zai juyo, sai shiru. Na ce shi ke nan, ya sake suma. Harisu ya ɗauko ƙarfensa ya ce, “To Hajiya, mu cire mishi pil ɗin a huta.” Har ya sunkuya. Sai Jannatu ta ce, “Inna, dubi fitilar.”

Fitilar na nan a kunne. Piyano bai mutu ba. Iya inda Sufyanu ya kai ke nan, ciwo ya kwantar da shi bai ƙarasa ba.

Na ce wa Harisu ya naɗe kayansa, ba yau ba. Ba don na san abin da ka sani ba, kawai ban iya jure a sa wuta a cikin abin nan a wannan ranar ba. Da ya tafi na mayar da rigar na ɗaure, da la'asar na kunna, ya faɗi a na biyar. Na zauna ina kallonsa kamar wadda aka yi wa magana da Tamahak, yaren Buzaye. Sai yau da na karanta takardunka, a ta farko na yi salati, a ta biyu kuma na yi dariya har na yi kuka. Shekara ashirin ina yi wa mutumin nan faɗa a kan bulo, ashe shi ke da gaskiya, kuma ya bar ni ina ta yi.

Kada ka ƙara cewa laifinka ne, ka ci abinci. Ina gama karantawa na tuɓe rigar na ɗaga shi, Jannatu ta ɗauki duka taran a salularta har sau biyu. Lambata na ƙasan takardar, ka ba Suwaiba.

Bulon kuwa Hajjo na ba wa tun bara, ta yi murhu da su. Ɗazu na je na sauke mata tukunya na kwaso abina, tana bina da tambaya. Sun yi baƙi ƙirin, na wanke sun ƙi fita, na bar su haka. Rigar karan-miski Jannatu za ta tafi da ita, ta rufe akwati.

Gobe ne biki. Zai zauna a tsakar gida tsirara a kan bulonsa biyu, a gaban duk matan unguwa, kuma duk wadda ta ce ban kula da kayan mijina ba sai ta zo ta same ni. Wani makaɗi ya ce zai iya ƙarasa na taran in muna so. Jannatu ta ce a'a. Za a kaɗa shi yadda ubanta ya bar shi, kuma inda ya tsaya, daga nan Hajjo za ta ɗauka da guɗa.

Ɗiyarka, Zuhura.